Inna ba ta iya sauka ƙasa, ta yaya za ta yi yoga?

Auta: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan Inna. Shekararta 78, amosanin gaɓɓai ya kama mata gwiwoyi biyu, kuma tun faɗuwar da ta yi a banɗaki bara ba ta ƙara yarda ta yi taku goma babu sanda ba. Likitan da ke duba ta ya ce yawan zama ne ke ƙara ɗaure mata jiki, ya kuma ambaci yoga a cikin abubuwan da za ta iya gwadawa, amma duk bidiyon da na buɗe mutane nake gani a shimfiɗe a ƙasa suna naɗe ƙafafu, alhali Inna idan ta sauka ƙasa sai mun taru mu biyu kafin ta tashi. Ga rashin barci kuma, domin ƙarfe biyun dare za ka same ta ido biyu. Wanda ya taɓa yin wannan da tsoho ya taimaka mini da abin da ake farawa da shi, da tsawon lokacin da ya dace, da kuma yadda ake yin zuzzurfan tunanin nan da ake cewa yana kawo barci.

Kawu: Wa alaikumus salam, Auta. Ki zaunar da ita a kujera, ki cire maganar ƙasa daga lissafinki gaba ɗaya.

Yaya Babba: Abin da Kawu ya faɗa shi ne daidai, kuma kada ki ɗauka yoga ta kujera wata dabara ce da aka ƙirƙiro domin a lallashi tsofaffi. B.K.S. Iyengar, ɗaya daga cikin malaman Indiya da suka yaɗa yoga a duniya, ya tashi ne yaro mai yawan laulayi, kuma shi ya shahara da shigo da kujera da bargo da igiya da ɗan katakon dafawa cikin koyarwarsa a birnin Pune, domin wanda jikinsa bai kai ba ya sami abin da zai kai shi. Ya rasu a 2014 yana da shekara 95. A Amurka kuma wata malama mai suna Lakshmi Voelker ta tsara darasin kujera zalla a 1982, saboda wata ɗalibarta da amosanin gaɓɓai ya hana sauka ƙasa. Kin ga ke nan tuntuni aka san da irin matsalar Inna.

Goggo: Auta 'yata, kafin a cika ki da sunayen malamai, bari in ba ki labarina, domin ni na ɗanɗana. Shekara uku da suka wuce, ina da 68, na shiga wani aji da ake yi wa masu ritaya da safe. A kujera muke yi, saboda haka na ɗauka babu abin tsoro. Mai koyarwar yarinya ce mai fara'a, jikinta kamar roba, amma ba ta taɓa tambayar ko ɗayanmu ciwon da yake ɗauke da shi ba, ni ma kuma ban san ƙasusuwana sun zaizaye ba, domin wannan cuta ba ta sallama kafin ta shiga.

A mako na huɗu ta ce mu miƙe ƙafafu gaba, mu sunkuya mu kamo yatsun ƙafa. Hannuna ya tsaya a tsakiyar ƙwauri. Ta zagayo ta bayana, ta ɗora tafinta tsakanin allunan kafaɗuna, ta ce in fitar da numfashi, ta danna. Tsakani da Allah ba da ƙarfi ta danna ba. Na ji wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayana, kamar an karya busasshen kara a ɗaki na kusa, sai zafi ya zagayo ta haƙarƙari kamar an ɗaura mini ɗamara. Da na gaya mata, murmushi ta yi ta ce jikin ne ke buɗewa. Na koma gida na yi kwana tara ina shafa man zafi, ko tari zan yi sai na riƙe gefen gado, har ɗana ya gaji ya tilasta mini zuwa a ɗauki hoto. Hoton ya nuna ɗaya daga cikin ƙasusuwan gadon bayana ya lotsa ta gaba. Wata uku na yi cikin rigar ɗaure baya, tsawona ya ragu, kuma har gobe idan na daɗe a tsaye wurin yana tuna mini da kansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kunyar da ta sa na yi shiru. Tun sunkuyawar farko na ji jikina ba ya so, amma na ga wadda ke gefena, wadda ta girme ni, tana kamo ƙafarta babu wahala, sai na ce ba za a bar ni a baya ba. Saboda haka kada kowa ya ce miki kujera ita kaɗai ta isa kariya. Duk wanda zai koya wa Inna, idan bai fara da tambayar magungunan da take sha da ko ta taɓa karaya ba, ki kama hannunta ku fita. Kada kuma ki bari wani ya danna ta, ko da ke ce da kanki.

Kawu: Subhanallahi. Sannu Goggo, Allah ya ƙara sauƙi.

Auta: Gabana ya faɗi, Goggo, domin jiya-jiyan nan na so in taimaka mata ta kai hannu ƙafarta.

Malamar Gashi: Sannu Goggo, Allah ya sa kaffara ne. Abin da ya same ki muna ganinsa a sashen gashin ƙashi, kuma dalilinsa a fili yake. Ƙasusuwan gadon baya a jere suke kamar tubala, cikin kowanne kuma saƙa ce mai ƙananan ramuka. Idan mutum ya sunkuya bayansa a lanƙwashe, nauyin yana taruwa ne a gaban kowane tubali, to idan saƙar ta riga ta zaizaye sai gaban ya murƙushe. A 1984 Dakta Mehrsheed Sinaki ta asibitin Mayo da ke Amurka ta fitar da wani bincike a kan mata 59 masu zaizayar ƙashi. A cikin waɗanda aka sa atisayen lanƙwasa baya zuwa gaba, kashi 89 cikin 100 sun sami sabuwar karaya, a cikin masu atisayen miƙar da baya kuwa kashi 16 ne. Matan ba su da yawa, amma har yanzu a kan wannan shawarar ake tafiya.

Auta, mace mai shekara 78 da ta taɓa faɗuwa ta cancanci a auna ƙarfin ƙashinta, saboda haka ki roƙi likita ya duba ko za a yi mata hoton da ake kira DEXA. Kafin nan ki ɗauka ƙashin nata mai rauni ne. Idan za ta karkata gaba, ta karkata daga ƙugu, bayanta a miƙe, hannuwanta a kan cinya. Idan za ta waiwaya, ta tsaya inda jikin ya tsaya, kada ta kama bayan kujera tana jan kanta. Wuya kuma a duba dama a duba hagu a hankali, banda juya kai zagaye guda.

Game da abin farawa, minti goma ya ishe ta, kuma hantsi ya fi sassafe domin gaɓɓai sun ɗan saki. Ta zauna ta ɗan matso gaba, tafin ƙafarta duka a ƙasa. Ta fara da ɗaga yatsun ƙafa da dunduniya bi da bi, sannan ta miƙe gwiwa ɗaya ta ƙirga biyar ta sauke, ta koma ɗayar. Daga nan ta mirgina kafaɗu zuwa baya, ta ɗaga hannuwa tana shaƙar iska ta sauke tana fitarwa, iya inda babu zafi, sannan ta ɗora tafi a cinya ta turo ƙirji gaba kamar mai nuna sabuwar riga. Dalilin da ya sa motsi ke taimakon gwiwa mai ciwo shi ne guringuntsi ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abin da ke raya shi, kuma sai an matsa an saki ruwan ke shiga da fita, kamar soso. Ma'aunin da muke ba masu amosanin gaɓɓai shi ne awa biyu: idan bayan an gama zafin ya ƙaru kuma ya wuce awa biyu bai lafa ba, an yi da yawa, gobe a rage.

Baffa: An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka bushe, Malama, ina ganin sai dai a jingine mu a bango a riƙa kaɗe mana ƙura.

Malamar Gashi: Baffa, tsoka ba icce ba ce, tana amsa horo ko mutum ya haura 90. Bambancin kawai shi ne ta tsoho tana son a riƙe miƙewar ta ɗan daɗe, daƙiƙa 30 zuwa 60, ba tare da fizga ba.

Kawu: Ni dai a kujerar roba nake nawa shekara biyu ke nan, ban ga abin da ya same ni ba.

Baffa: Kawu, ai kai ba ka da nauyin da zai gwada ta. Ni kujerar roba ta taɓa baje ƙafafunta a ƙarƙashina ina tsakiyar ɗaga hannu sama, na tsinci kaina a ƙasa ina kallon silin, jikokina suna ta dariya suna cewa in sake. Tun ranar na koma ta katako.

Kawu: Wannan tsohuwar kujera ce da rana ta gasa, ba laifin roba ba ne. Akwai mai kauri.

Baffa: Mai kaurin ma santsi take yi a kan tayil.

Malamar Gashi: Baffa ya fi gaskiya a nan. Ana son kujera mai ƙarfi, marar taya, a jingina ta da bango domin kada ta gudu baya. Tsayin mazauninta daga ƙasa ya kai kamar santimita 43, ko ya ɗan fi haka ga mai ciwon gwiwa, yadda ƙugu ba zai yi ƙasa da gwiwa ba. Kujerar falo mai laushi da ke haɗiye mutum ba ta dace ba ko kaɗan. Ga Inna, mai hannu ta fi, domin ta sami abin dafawa.

Sista Mai Ritaya: Ina so in ƙara abubuwan da bidiyo ba ya faɗa. Na farko shi ne jiri. Tsofaffi da yawa, musamman masu shan maganin hawan jini ko na sa fitsari, jininsu yana sauka idan suka miƙe, kuma a asibiti idan lambar sama ta awon jini ta ragu da 20 ko ta ƙasa ta ragu da 10 cikin minti uku da tashi, mukan ce akwai matsala. Wanda ya zauna minti goma yana numfashi a hankali shi ma yana iya shiga wannan haɗari, saboda haka idan an gama kada ta zabura ta miƙe. Ta motsa ƙafafu tukuna, ta miƙe tana dafe, ta tsaya ta ƙirga goma kafin ta ɗaga ƙafa. Na biyu, idan tana da hawan jinin ido, duk wani yanayi da kai zai yi ƙasa da zuciya a bar shi, domin yana ɗaga matsin cikin ido. Idan kuma akwai ciwon suga da ya kashe mata jin tafin ƙafa, kada ki biye wa masu cewa sai babu takalmi ake yoga. Ta sa takalmi mai rufi wanda ba ya santsi.

Baffa: Sista, ni da aka canza wa ƙashin ƙugu fa?

Sista Mai Ritaya: Kai naka umarnin yana hannun likitan da ya yi maka aiki, Baffa, domin ya danganta da ta inda aka shiga. Abin da aka saba gaya wa mutane a watannin farko shi ne kada a harɗe ƙafafu, kada gwiwa ta ɗago ta wuce ƙugu, kada kuma a murɗa ƙafar zuwa ciki.

Malam Ƙarami: Ku gafarce ni, amma ba wanda ya taɓo asalin abin. Ina jin ana cewa yoga ba motsa jiki ba ce kawai.

Yaya Babba: Gaskiya ne, Malam. Daga Indiya ta fito, sunan ma daga harshen Sanskrit yake, daga wani tushe mai ma'anar haɗawa ko ɗaurawa, kuma tana da ɓangarori masu alaƙa da addinan can. Abin da asibitoci suka ɗauka suke koya wa marasa lafiya shi ne miƙa gaɓɓai da daidaita numfashi, kuma a kansa Auta ta yi tambaya. Wanda sunan ya tsaya masa a rai ya kira shi motsa jiki a kujera, gwiwar ba za ta san bambanci ba.

Malam Ƙarami: Na gamsu da rabin amsar, sauran rabin sai mun haɗu.

Yaya Babba: Ni sunan da ya fi damuna ma shi ne wanda Auta ta yi amfani da shi, wato zuzzurfan tunani. Ki je ki ce wa tsohuwa mai hawan jini, wadda kullum ake ce mata ta rage tunani, yau kin zo ki koya mata zuzzurfansa, ki ga kallon da za ta yi miki. Abin da ake nufi kishiyar haka ne, wato mutum ya ba hankalinsa abu ɗaya ya riƙe domin ya huta da tunanin. Zaman natsuwa ya fi dacewa da shi.

Baba Mai Keke: Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, domin da hannu ɗaya nake rubutu, sai ku yi haƙuri da jinkirina. Shekara biyar ke nan da ɓarin jikina na hagu ya shanye, a keken guragu nake wuni, kuma zaman natsuwan nan shi ne abin da ya fi yi mini amfani a cikin duk abin da aka koya mini, amma sai da na watsar da rabin ƙa'idodin da na ji.

An ce sai an zauna a miƙe babu jingina. Ni idan ban jingina ba gefe nake zubewa, saboda haka ina taka birkin keke, in sa matashi a bayana, in ɗora hannun da ya mutu a kan wani matashin domin kada nauyinsa ya ja kafaɗar. An ce a rufe ido. Ni idan na rufe sai ɗakin ya fara juyawa, don haka ina sauke idona a kan wani tabo da ke jikin bango, tabon nan na san shi fiye da fuskar wasu 'yan'uwana. An ce a kori tunani. Wannan kam ƙarya ce, ba wanda ke iya korar sa. Yana zuwa, ka lura ya zo, ka koma kan numfashinka, ya sake zuwa, ka sake komawa. Komawar ita ce aikin.

Yadda nake yi shi ne in ɗora hannun dama a kan cibiya, in shaƙa ta hanci ina ƙirga huɗu, in fitar ina ƙirga shida. Babban mutum yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti, wannan ƙirgar kuwa tana sauko da shi wajen shida, kuma bugun zuciya yana ɗan lafawa ne a lokacin fitarwa, shi ya sa ake tsawaita ta. Da farko huɗu da shida sun yi mini yawa, sai na fara da biyu da uku. Minti uku na fara, yanzu ina kai goma sha biyar. Da dare kuma a kwance nake bin jikina da hankali daga yatsan ƙafa zuwa kai, ina tsayawa a kowane wuri in ji abin da ke can. Wannan hanyar tana cikin tsarin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, kuma masu ciwon da ya ƙi jin magani ya fara yi wa, ba 'yan wasa ba.

Abu ɗaya zan gargaɗe ki a kai, 'yata. Ranar da na fara bin jikina na iso ɓarin hagu, na aika hankalina can ban sami kowa a gida ba, sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a gadon asibiti. Shiru yana tono abin da hayaniya ta binne, kuma tsoho ya binne da yawa. Idan kin ga idon Inna ya kawo ruwa kada ki tsorata, kada kuma ki ce ta daure ta ci gaba. Ta buɗe ido, ku yi hira, gobe ma rana ce.

Goggo: Allah ya ba ka lafiya, Baba. Wannan magana ta shige ni.

Sista Mai Ritaya: Ƙari a kan na Baba, banda riƙe numfashi, banda kuma irin numfashin nan na sauri da ake harba ciki kamar zugazugi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Wanda numfashi ke yi wa wuya ya fitar ta baki, leɓɓansa a tsuke kamar mai hura wuta a hankali.

Ɗan Autan Maza: Da izinin manya, ni ina ganin an kauce. Abin da ke tsorata Inna faɗuwa ce, kuma wanda ke zaune ba ya koyon tsayuwa. A 2019 ƙungiyar Cochrane mai nazarin binciken lafiya ta tattara gwaje-gwaje 108 a kan tsofaffin da ke zaune a gidajensu, ta samu cewa atisayen daidaita tsayuwa da na ayyukan yau da kullum yana rage yawan faɗuwa da kimanin kashi 24 cikin 100, tai chi na ƙasar Sin kuma, wato atisayen motsa jiki a hankali ana tsaye, da kimanin kashi 19. Hujjar yoga a kan faɗuwa ba ta kai wannan ƙarfi ba. Me ya sa ba za a kai ta tai chi ba kawai?

Kawu: Matar da ba ta taku goma babu sanda ita za ka tsayar tana shawagi da hannu kamar mai kamun sauro?

Ɗan Autan Maza: Kawu, ai shi ma ana yin sa a dafe da kujera.

Malamar Gashi: Ku duka kuna da gaskiya, sai dai kowa ya kama gefe ɗaya. Zaman kujera mafari ne, ba a so a dawwama a kansa idan ƙafa tana iya ɗaukar mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce wanda ya kai 65 ya riƙa atisayen da ya haɗa daidaita tsayuwa da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana uku a mako, kuma ta ce wanda bai iya cika adadin ba ya yi gwargwadon ikonsa. Gadar da ke tsakanin zama da tsayuwa ita ce tashi daga kujera a koma, kuma a yoga ma akwai tsayuwar da aka gina a kan wannan motsi. Ta matso bakin kujera, ta ja ƙafafu baya kaɗan, ta kawo hanci saitin yatsun ƙafa bayanta a miƙe, ta miƙe, sannan ta koma a hankali ba ta faɗa ba. Komawar ta fi tashin gina cinya. Muna auna mutane da wannan: sau nawa za ka tashi cikin daƙiƙa 30, hannuwa a harɗe a ƙirji. Mace mai shekara 75 zuwa 79 da ta kasa kai 10 ana lissafa ta cikin masu haɗarin faɗuwa. Kada ki yi wa Inna wannan gwaji ke kaɗai, na faɗa ne domin ki san inda aka dosa. Idan ta ƙware, sai ta tsaya a bayan kujera tana dafe, ta ɗaga dunduniya, ta mayar da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, idonta a buɗe, ke kuma kina tsaye a gefen da ya fi rauni. Tsarin Otago na ƙasar New Zealand, wanda aka yi domin tsofaffi a cikin gidajensu, kusan a kan irin waɗannan ƙananan motsi aka gina shi.

Baffa: Na gwada yanzu, na sami takwas, amma agogon ne ke sauri.

Kawu: A kujerar katakon?

Auta: Na gode ƙwarai, iyayena, ban yi shiru don raini ba, gwadawa na tsaya yi. Ranar farko da na nuna mata bidiyo ta ce ita ba za ta yi wasan yara da furfurarta ba. Washegari ban kunna komai ba, na jawo kujera na zauna a gabanta na ce bayana ke ciwo ta taya ni ƙirga, sai ga shi tana ɗaga ƙafa tare da ni tana gyara mini lissafi. Yau kwana shida. Tana tashi daga kujera sau huɗu tana dafe da hannuwanta biyu, gwiwar dama tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa amma ta ce ba zafi. Matsalar ita ce numfashin, domin duk lokacin da muka fara da la'asar, kafin mu kai minti uku ta yi barci a zaune, da dare kuma ido biyu kamar da.

Kawu: To ai an samu abin da ake nema, lokacin ne kawai bai daidaita ba.

Yaya Babba: Barci daban, zaman natsuwa daban, Kawu. Wanda ya yi barci ya bar ajin.

Baba Mai Keke: Ni ban ga laifinta ba, jiki magayi. Ki mayar da numfashin zuwa lokacin da ta riga ta kwanta da dare, da rana kuma ku tsaya a kan motsin kawai. Idan gyangyaɗin la'asar ya zama dole, kada ya yi tsawo, kuma kada ya kasance a kujerar da za ta iya zamewa.

Sista Mai Ritaya: Ƙarar gwiwa idan babu zafi babu kumburi ba abin damuwa ba ce. Amma ki duba mini lokacin da take shan magungunanta, domin idan akwai na sa fitsari da take sha da yamma, babu numfashin da zai hana ta farkawa ƙarfe biyu. Kada ki canza da kanki, ki tambayi likita.

Yaya Babba: Har yanzu ina nan a kan bakana cewa barci ba natsuwa ba ne.

Baffa: Kai da ba ka taɓa neman barci ka rasa ba, Yaya, dole ka faɗi haka.

Goggo: Ku bar wannan gardamar. Auta, maganar hoton ƙashin fa, kin yi wa likitan?

Auta: Ban yi ba tukuna, Goggo, sai ranar Talata za mu koma. Na rubuta a takarda tare da tambayar Sista domin kada in manta.

Goggo: Ki sa shi a layin farko. Kafin Talatar kuma hannunta ya tsaya a cinya.

Kawu: Auta, wace irin kujera kuka yi amfani da ita?

Auta: Ta katako ce, Kawu, ka yi haƙuri.